Yadda ake gano tushen yoyon ruwa ta gaba bayan cire mahaifa

A ƙasar Hausa, da zarar mace ta ce zaninta na jiƙewa, hankalin kowa sai ya tafi kan yoyon fitsarin da doguwar naƙuda ke jawowa. Ga wadda aka yi wa tiyatar cire mahaifa kuwa, ruwan yana iya fitowa daga wurare da dama, kowanne da maganinsa.

A fara da tambaya: yaushe ya soma, dare da rana yake zuba, tana kuma yin fitsari da kanta? Ɓular da tiyata ta haddasa tsakanin farji da mafitsara ko bututun ƙoda yawanci tana bayyana cikin mako 1 zuwa 2. Idan tana jiƙewa kullum amma tana fitsarinta daidai, a zargi bututun da ke sauko da fitsari daga ƙoda ɗaya, domin ɗaya ƙodar tana ci gaba da cika mafitsara.

Sai a ɗebi ruwan a auna kiriyatinin ɗinsa, wato sinadarin da ƙoda ke tacewa daga jini zuwa fitsari, a gwada da na jininta. Wari ba hujja ba ne. In ya ninka na jini sosai, fitsari ne.

Daga nan a jera ƙullin auduga 3 a cikin farji, a ɗura ruwan shuɗin metilin a mafitsara ta robar fitsari, a ce ta ɗan zagaya. Ta can ciki in ta yi shuɗi, mafitsara ce ta ɓule. In ta jiƙe babu launi, bututun ƙoda ne abin zargi, sai hoton CT mai allurar rini. Ta bakin ƙofa kaɗai in ta rine, ta hanyar da fitsari ya saba fita yake tsiyaya. Ko an ga shuɗi ma a duba ƙodojin, ɓula biyu kan haɗu.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne idan kiriyatinin ya zo daidai da na jini. To ba fitsari ba ne. Ruwan cikin ciki ne ke bi ta inda ɗinki bai kama ba, ko ruwan kaluluwa idan an cire su saboda ciwon daji, ko kuma bututun ƙwai ne ya zurmo ta ɗinkin. Bututun ƙwan kan fito kamar jan tsiron nama, taɓa shi da zafi. Kada a yi saurin ƙona shi, a yanki kaɗan a kai gwaji.

Zazzaɓi, ciwon kwiɓi, ko ruwa da jini da suka ɓalle farat ɗaya bayan saduwa ba sa jiran ranar asibiti, a kai ta wurin likita a take.