Yadda Ake Bin Diddigin Tarihin Ɗan Majalisar Jiha da Sakamakon Zaɓukansa

Duk lokacin da kakar zaɓe ta ƙarato, sojojin baka kan cika gidajen rediyo da shafukan Facebook suna ƙirga yawan zaɓukan da maigidansu ya lashe, suna kafa hujja da cewa wanda jama'a suka mayar majalisa sau uku ko sau huɗu ba ya buƙatar wata shaida. Wannan ƙidaya ba ta isar da mai son sanin gaskiya, domin kujerar majalisar dokokin jiha tana zuwa ta hanyoyi da yawa: wani jama'arsa ne suka zaɓe shi, wani guguwar ɗan takarar gwamna ce ta kwaso shi, wani kuwa kotu ce ta miƙa masa bayan ya sha kaye a akwati. Abin da ya kamata a bincika shi ne hanyar da ɗan majalisa ya bi ya samu kujerar a kowane karo, da kuma abin da ya aikata a kanta, kuma akasarin wannan yana rubuce a takardun da ɗalibi ko ɗan jarida ko kowane mai ƙuri'a zai iya nema.

Ka fara da tantance mazaɓar, domin nan ne masu bincike da dama ke yin tuntuɓe. Sashe na 91 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce kujerun majalisar jiha za su ninka kujerun jihar a Majalisar Wakilai sau uku ko huɗu, amma kada su gaza 24, kada kuma su wuce 40. Saboda haka iyakar mazaɓa ba kullum take daidai da iyakar ƙaramar hukuma ba. Kano tana da ƙananan hukumomi 44 amma kujeru 40 kawai, shi ya sa aka haɗa Kura da Garun Malam, Rimin Gado da Tofa, Shanono da Ɓagwai, sannan Tsanyawa da Kunchi, wadda yanzu ake kira Ghari. Zamfara kuwa ƙananan hukumominta 14 ne amma kujerunta 24, don haka an raba wasu gida biyu. Wanda ya ɗauko sakamakon ƙaramar hukuma sukutum ya jingina wa ɗan majalisar da ke wakiltar rabinta, lissafinsa ya lalace tun daga tushe.

Daga nan sai ka samu takarda ka ja layi ga kowace shekarar zaɓe tun dawowar mulkin farar hula, wato 1999, 2003, 2007, 2011, 2015, 2019 da 2023, a gaban kowace ka bar gurbin jam'iyyar da ya tsaya a cikinta, yadda ya samu tikiti, ƙuri'unsa, ƙuri'un wanda ke biye da shi, da abin da kotu ta ce idan an je kotu. Shekarun da ya tsaya ya faɗi, da waɗanda ya nemi tikiti aka hana shi, su ma ka rubuta su, domin su ne tarihin da magoya baya ke tsallakewa.

Gurbin tikiti ya fi sauran wahalar cikewa, amma yakan fi su bayani. Akwai bambanci mai girma tsakanin wanda ya fito ta hanyar ƙato-bayan-ƙato, da wanda daliget suka zaɓa, da wanda aka tsayar ta hanyar masalaha, wadda sau da yawa ɗauki-ɗora ce aka yi wa kwaskwarima. Jami'an INEC kan sa ido a zaɓen fitar da gwani su rubuta rahoto, jaridun lokacin kuma kan kawo sunayen waɗanda suka janye ko aka janyar da su. Kada a ɗauki wannan mataki da wasa, domin abin da ya faru a Zamfara ya isa misali. A ranar 24 ga Mayu, 2019, Kotun Ƙoli ta soke nasarar duk 'yan takarar APC a jihar saboda jam'iyyar ba ta gudanar da sahihin zaɓen fitar da gwani ba, sai kujerun suka koma hannun waɗanda suka zo na biyu, kusan dukkansu 'yan PDP. Wanda ya duba jerin 'yan majalisar Zamfara na wannan zango bai san labarin hukuncin ba, zai ɗauka cewa PDP ce ta share jihar a akwati, alhali ba haka aka yi ba.

Bayanan da ɗan takara ya bayar game da kansa suna cikin fom ɗin EC9, wanda a zaɓukan baya ake kira CF001. A nan ne yake rubuta sunansa da ranar haihuwa da makarantun da ya yi da ayyukan da ya riƙe, ya haɗa da kwafin takardun shaidarsa, ya yi rantsuwa a kansu. Sashe na 29 na Dokar Zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 da ita, ya bai wa kowa damar neman kwafin waɗannan takardu daga INEC bayan biyan kuɗin da aka ƙayyade, hukumar kuma ta bayar cikin kwana 14. Idan mutumin ya tsaya takara fiye da sau ɗaya, ka nemi na kowace shekara ka jera su gefe da gefe, ka duba ko ranar haihuwa da sunayen makarantu sun yi daidai. Ka kuma tuna cewa Tsarin Mulki bai nemi digiri ba, matakin kammala sakandare ko makamancinsa ya wadatar, shekarun takara kuma an rage su daga 30 zuwa 25 a 2018.

Yanzu sai ƙuri'u. Tushen kowane sakamako shi ne takardar rumfar zaɓe, wadda ke cikin jerin EC8A. Idan ka buɗe hotonta za ka ga sunan jiha da ƙaramar hukuma da gunduma da lambar akwati a sama, a ƙarƙashinsu adadin masu rajista, adadin waɗanda aka tantance, takardun ƙuri'a da aka kawo, waɗanda ba a yi amfani da su ba, waɗanda suka lalace, da waɗanda aka soke. Sannan jam'iyyu a jere, kowace da ƙuri'unta a rubuce da alƙalumma da kuma kalmomi, ejan ɗinta ya sa hannu a gefe, jami'in rumfa ya buga hatimi a ƙasa. Ka tara ƙuri'un jam'iyyu da waɗanda aka soke, ka gwada da adadin waɗanda aka tantance. Idan ƙuri'u sun haura, an yi aringizo, kuma dokar 2022 ta ce a soke sakamakon wannan rumfa. Ka lura da wurin da aka kankare lamba aka sake rubutawa, musamman idan alƙalumman sun saɓa wa kalmomin da ke gefensu. Daga rumfa ake tattarawa zuwa gunduma a EC8B, har a kai ga EC8E, takardar da baturen zaɓe ke bayyana wanda ya yi nasara da ita.

Hotunan takardun rumfa suna shafin IReV na INEC, wanda aka fara gwadawa a zaɓen cike gurbin mazaɓar Nasarawa ta Tsakiya a watan Agustan 2020. Na'urar tantance masu zaɓe ta BVAS ita ma a zaɓen cike gurbin majalisar jiha aka fara aiki da ita, a Isoko ta Kudu da ke jihar Delta a watan Satumban 2021. Don haka zaɓukan da suka gabaci waɗannan shekaru ba su da hotuna a intanet, sai dai a rubuta wa ofishin INEC na jiha a nemi tabbataccen kwafi, ko a koma ga jaridun makon da aka yi zaɓen. Wani hoton a IReV yakan fito dishi-dishi, wani ma ba na akwatin ba ne aka ɗora, saboda haka abin da ba ka iya karantawa da kyau ba kada ka shigar da shi lissafi.

A ganina, awo mafi amfani a duk wannan aiki shi ne gwada ƙuri'un ɗan majalisa da na ɗan takarar gwamnan jam'iyyarsa a akwatuna guda. A yawancin jihohi rana ɗaya ake yin zaɓukan biyu, kamar 11 ga Afrilu, 2015, da 9 ga Maris, 2019, da 18 ga Maris, 2023, mutum ɗaya ne kuma ke karɓar takardun biyu ya dangwala. Idan alƙalumman suna tafiya kafaɗa da kafaɗa a kowace gunduma, to jama'a sak suka yi, ɗan majalisar kuma ya ci albarkacin jam'iyya ne, kamar yadda da yawa suka ci albarkacin Buhari a Arewa a 2015. Idan ya ɗara gwamnansa da tazara mai kauri, ko ya ci a inda gwamnan ya faɗi, yana da jama'ar kansa. Idan kuwa ya gaza gwamnan a mahaifarsa, akwai magana, ko dai an yi masa zagon ƙasa a cikin gida, ko kuma waɗanda suka fi kowa saninsa sun juya masa baya. Wannan awo ba ya aiki a jihohi irin su Kogi da Edo da Bayelsa, inda ake zaɓen gwamna a wani lokaci daban. Ka kuma duba ko an kammala zaɓen a zagayen farko, domin idan tazarar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu ba ta kai yawan masu zaɓe a rumfunan da aka soke ba, INEC kan ce zaɓen bai kammalu ba, a sake shi a waɗannan rumfuna, kamar yadda aka yi a mazaɓu da dama ranar 15 ga Afrilu, 2023.

Sanarwar baturen zaɓe ba ita ce ƙarshen magana ba. Wanda bai gamsu ba yana da kwana 21 ya shigar da ƙara a kotun sauraron ƙararrakin zaɓe, ita kuma tana da kwana 180 ta yanke hukunci, Kotun Ɗaukaka Ƙara tana da kwana 60, kuma a shari'ar kujerar majalisar jiha daga gare ta babu gaba. Wannan ƙa'ida ce ta yi aiki a Filato a watan Nuwamban 2023, lokacin da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta sauke 'yan majalisar jiha 16 na PDP bisa hujjar cewa jam'iyyar ba ta da halastaccen shugabanci da zai tsayar da su. A watan Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta yi watsi da wannan hujja a shari'ar Gwamna Caleb Mutfwang, amma 'yan majalisar ba su da hanyar kai tasu ƙarar gabanta. Saboda haka idan ka ga an sauke ɗan majalisa, ka nemi kwafin hukuncin ka karanta dalilin, kada ka yi saurin rubuta cewa an kama shi da maguɗi.

Tarihin Kabiru Alhassan Rurum, wanda ya wakilci Rano a majalisar dokokin Kano, yana nuna amfanin jera abubuwa da kwanan wata. Ya zama kakakin majalisar a 2015, ya sauka a watan Yulin 2017, Yusuf Abdullahi Ata na Fagge ya gaje shi, aka tsige Ata a watan Yulin 2018 Rurum ya dawo, ya wuce Majalisar Wakilai a 2019 a ƙarƙashin APC, ya sake cin kujerar Rano da Bunkure da Kibiya a 2023 a ƙarƙashin NNPP. Wanda ya taƙaita wannan da cewa ya yi kakaki daga 2015 zuwa 2019 ya haɗiye shekara guda cur, tare da duk rikicin da ke cikinta. Game da sauya sheƙa, ka rubuta ranar da aka yi ta, domin sashe na 109 ya ce ɗan majalisar da ya bar jam'iyyar da ta kawo shi kafin wa'adinsa ya cika zai rasa kujerarsa, sai fa idan jam'iyyar ta rabu ko ta narke cikin wata jam'iyya, ko da yake a aikace ba kasafai ake zartar da wannan ba.

Abin da ya aikata a zaure yana ofishin Akawun Majalisa, inda ake ajiye jadawalin kowane zama, da taƙaitaccen bayanin abin da aka zartar, da rajistar halarta. Tsarin Mulki ya wajabta wa majalisar jiha zaman kwana 181 aƙalla a shekara, ɗan majalisar da ya yi fashin fiye da kashi ɗaya cikin uku na zaman shekara ba tare da uzuri ba kuma kujerarsa na iya salwanta. Ka rarrabe tsakanin ƙudurin doka, wanda ke bin karatu uku ya je gaban gwamna ya sa hannu cikin kwana 30, da ƙudurin kira ga gwamnati ta gyara hanya ko ta kai ɗauki ga waɗanda ambaliya ta shafa, wanda ba ya tilasta wa kowa komai. Allunan talla kan gwamutsa su domin adadin ya yi yawa. Yawancin ƙuri'un zaure da murya ake kaɗa su, ba a rubuta wanda ya ce e da wanda ya ce a'a, don haka matsayin mutum sai a jawabinsa da sunayen da suka gabatar da ƙuduri ko suka mara masa baya. Dokar masarautun Kano wuri ne mai kyau na gwaji: majalisar ta ƙirƙiri masarautun Bichi da Rano da Gaya da Ƙaraye a watan Mayun 2019, ta sake yin dokar a watan Disamba na wannan shekara bayan kotu ta soke ta farko, sannan wata majalisar ta rushe ta a ranar 23 ga Mayu, 2024. Idan ɗan majalisar da kake bincike ya ga zangunan biyu, ka nemo abin da ya faɗa a kowanne.

Ayyukan mazaɓu kuwa, kafin ka lissafa masa rijiyar burtsatse ko ajin makaranta, ka duba kundin kasafin kuɗin jihar na shekarar ka ga ma'aikatar da aka ware wa kuɗin da adadinsu, sannan ka je wurin da ƙafarka ka ga ko famfon yana ba da ruwa. Idan wani ofishi ya ja ƙafa wajen ba ka takarda, ka rubuta buƙatarka a ƙarƙashin Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana 7 ta amsa, ka fayyace takardar da kake so da shekararta, ka kai kwafi biyu, ka tabbatar an buga maka hatimin karɓa da kwanan wata a kan wanda za ka riƙe.