Yadda ɗalibi a Legas zai ɗora shafinsa na farko a intanet

Ranar Lahadi ƙanena ya same ni a Agege, ya ce, "Yaya, shekarata biyu ina karatun kwamfuta, amma ko shafi ɗaya ban taɓa ɗorawa a intanet ba." Maganar ta tsaya mini a rai, domin na san ba shi kaɗai ba ne. Ko a UNILAG kake a Akoka, ko LASU a Ojo, ko Yabatech, mai ɗaukar aiki abin da ka gina zai fara tambaya. Ga hanyar da na shimfiɗa masa.

Da farko ka samo aikin da wani ke jira. Jadawalin laccar ajinku ne, ko sanarwar ƙungiyar ɗaliban Arewa, ko shafin da zai nuna kayan gwarin da kawunka ke saukewa a Mile 12 da lambar da za a kira shi. Idan akwai mai tambayarka "an gama?", ba za ka watsar ba.

Kayan aiki ba su da yawa. Kwamfutar tafi-da-gidanka ko ta hannu ce, irin wadda ake samu a Computer Village ta Ikeja, ta isa. Sauke VS Code, manhajar rubuta lambobin shafi, kyauta ce. Buɗe fayil ka sa masa suna index.html, ka rubuta, ka buɗe shi da Chrome ko Firefox ka ga abin da ya fito. In ban da saukewar, duk wannan ba ya cin data ko kaɗan.

Sai koyo, kuma a jere. HTML shi ne ginin, CSS fenti da ado, JavaScript kuma wutar da ke motsa abubuwa. Kada zumuɗin abokai ya ja ka zuwa React, wani kayan aiki da aka gina a kan JavaScript, tun ba ka iya waɗannan ukun ba. Darussan shafin freeCodeCamp da bayanan shafin MDN kyauta ne, awa guda kullum bayan Asuba ta fi kwana guda cur a ƙarshen mako.

Nan ne nake so ka nutsu, don mu Hausawa abin ya fi shafa. A saman fayil ɗinka ka rubuta <html lang="ha">, a cikin sashen head na fayil ɗin kuma <meta charset="UTF-8">. Na farkon yana shaida wa Google da manhajojin da ke karanta wa makafi rubutu cewa Hausa ce. Na biyun shi ke kare ƙ da ɗ da ɓ kada su rikiɗe su koma wasu alamomi marasa kan gado. Sannan ka duba salon haruffan da ka zaɓa, don wasu ba su da masu lanƙwasa, sai ka ga akwati a gurbinsu. Ina jin takaici in ga shafi mai kyau ya rubuta "kasa" alhali "ƙasa" yake nufi. Yaranmu da aka haifa a Idi-Araba da Obalende, waɗanda Yarabanci da Turanci suka fi zama a bakinsu, daga irin waɗannan shafukan za su koyi rubutun Hausa.

Bayan haka ka tuna cewa a waya za a buɗe shafin. Sa layin viewport domin ya daidaita da ƙaramin allo, ka rage nauyin hotuna ka mai da su WebP, wani tsarin hoto mara nauyi. Gwajin gaskiya shi ne ka buɗe shi a cikin danfo, a cunkoson titin Ikorodu, lokacin da sabis ke rawa. In ya buɗe a nan, ya yi.

Ɗorawa kuwa ba wuya. Yi rajista a GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu, ka zuba fayilolinka, ka kunna GitHub Pages, shafinka zai fito da adireshi mai ƙarewa da github.io ba tare da ka biya ko sisi ba. Ka nemi Student Developer Pack ɗinsu, wato kayan aikin da suke ba ɗalibai kyauta, da shaidar ɗalibtarka. Idan kuɗi sun samu, sayi suna mai .com.ng daga dillalan da NiRA, ƙungiyar da ke kula da sunaye masu .ng, ta amince da su. Shi .edu.ng na makarantu ne.

Game da ChatGPT da ire-irensa, ka sa su yi maka bayanin kuskure, amma duk layin da ba za ka iya bayyana wa malaminka ba, kada ya shiga aikinka.

Sannan ka fita ka ga mutane. Cibiyar fasaha ta CcHUB da aka kafa a 2010 tana nan Yaba, kan titin Herbert Macaulay, inda Mark Zuckerberg ya ziyarta a 2016, kuma ana yawan taron masu rubuta manhaja a unguwar. Lokacin neman gurbin SIWES, wato horon aiki na ɗalibai a ma'aikatu, adireshin shafin nan ka fara sawa a takardarka, a ƙarƙashin sunanka.