Yadda za ka gane cinikin 'yan ƙwallo kafin ƙaninka ya sa hannu a takarda

Duk lokacin da aka buɗe kasuwar musayar 'yan wasa gidajen kallo na Bauchi Road da Unguwar Rogo a nan Jos sai musu, wane an saye shi miliyan tamanin, yaro ya warke, ya fita daga talauci. To tsaya tukuna malam, wannan kuɗin da kake ji ba aljihun ɗan wasa yake shiga ba. Kulob ne ke biyan kulob domin ya yarda a yaga kwantiragin da ke tsakaninsa da yaron tun wa'adi bai cika ba. Abin da ɗan wasa zai ci yana cikin wata takardar daban, albashi, kuɗin sa hannu, da garaɓasar cin ƙwallo ko ɗaukar kofi.

Don haka in ka ji labarin ciniki fara tambayar saura shekara nawa a kwantiraginsa. Nan farashin yake. Mai shekara huɗu a gaba kulob ɗinsa zai ja aji son ransa, wanda ya rage masa shekara ɗaya kuwa dole a sassauta, don in wa'adi ya cika zai tafi kyauta ko sisi ba su samu ba. Haka Mbappe ya bar PSG ya koma Real Madrid a 2024. Wannan 'yancin ya samo asali ne daga shari'ar wani ɗan Beljiyam, Jean-Marc Bosman, da kotun Turai ta yanke a 1995, kafin nan ko kwantiraginka ya ƙare kulob na iya riƙe ka sai an biya shi. Kuma a dokar FIFA in saura wata shida ɗan wasa na da damar ƙulla yarjejeniya da wani kulob.

Sai ka duba yadda za a biya. Kusan ba wanda ke zube kuɗin nan a dunƙule, kashi-kashi ake yi cikin shekaru, kuma adadin da 'yan jarida ke faɗa sau da yawa har da na sharaɗi a ciki, wato in ya buga wasa kaza ko sun shiga gasar zakarun Turai a ƙara kaza. A littafin lissafin kulob kuma raba kuɗin ake yi a kan shekarun kwantiragi, miliyan 50 a shekara 5 ya zama miliyan 10 duk shekara. Shi ya sa Chelsea ta riƙa bai wa su Mudryk shekara takwas da rabi, wayo ne na lissafi ba wai soyayya ba, har UEFA, hukumar ƙwallon Turai, ta toshe ƙofar a 2023 ta ce rabon kar ya wuce shekara 5. Akwai kuma farashin fansa da ake rubutawa cikin kwantiragi, duk wanda ya ajiye shi kulob ba shi da ta cewa, da shi Neymar ya bar Barcelona zuwa PSG a 2017 kan yuro miliyan 222.

Yanzu bari mu dawo gida, don ni abin da ya fi damuna ke nan, yaran da ke buga ƙwallo a akadami-akadami na Jos da iyayensu da ba su san haƙƙinsu ba.

In wani ya zo ya ce shi ejan ne, wato dillalin 'yan wasa, zai fitar da yaro Turai, ka ce ya nuna maka lasisinsa na FIFA, tun 2023 sai mutum ya ci jarrabawa ake ba shi in ban da tsofaffin hannu da aka ɗauke wa. In ya fara da a kawo kuɗin biza da na jirgi da na gwaji, ka rufe aljihunka, kulob ɗin da yake son yaro da gaske takardar gayyata yake aikowa da sunansa. Sannan ka duba shekarun yaron, FIFA ta hana a kai wanda bai cika 18 ba wata ƙasa sai da 'yan dalilai ƙalilan, kamar iyayensa sun koma can ba don ƙwallo ba. Ahmed Musa namu na nan Jos ma da zai tafi VVV-Venlo ta Holan daga Kano Pillars a 2010 sai da ya jira ya cika 18 a watan Oktoba kafin ya fara buga musu. In an yi wa Musa haka waye yaronka da za a ce an san hanya?

Takarda kuma kar a sa hannu a ranar da aka kawo ta, komai zaƙin bakin mai kawowa. A kai wa lauya, ba lauyan ejan ba, naku. A duba tsawon wa'adi, ƙa'idar FIFA shekara 5 ce mafi yawa sai in dokar ƙasar ta yarda da fiye, wanda bai kai 18 ba kuma shekara 3. A duba albashin nan kafin haraji ne ko bayan haraji, don a Turai haraji na iya cinye kusan rabi, a duba wa zai biya gida da magani in an ji rauni, kuma yaro ya riƙe kwafinsa mai sa hannun kowa. Kar a sa hannu wuri biyu. Kowa a garin nan ya san rikicin Mikel Obi, Manchester United ta ce nata ne Chelsea ta ce nata ne, aka yi shekara guda ana ja, ƙarshe a 2006 Chelsea ta biya United fam miliyan 12 ta biya Lyn ta Norway, kulob ɗin da yake bugawa a lokacin, miliyan 4. Shi ya samu masu kuɗin da za su fanshe shi, yaro talaka zaman benci kawai zai yi.

In kulob ya riƙe albashi wata biyu, ɗan wasa na iya rubuta musu takarda ya ba su kwana 15, in ba su biya ba yana da hujjar ajiye kwantiragin. Amma a rubuce fa, ba kiran waya ba, ba kuma ya yi fushi ya daina zuwa atisaye ba don nan shi zai zama mai laifi.

Masu akadami ku ma kuna da rabo. Duk cinikin da aka yi tsakanin ƙasashe ana cire kashi 5 cikin 100 a raba wa ƙungiyoyin da suka reni ɗan wasan daga shekara 12 zuwa 23, ban da kuɗin horaswa da ake biya lokacin da ya fara sa hannu a matsayin ƙwararre. A cinikin miliyan 20 miliyan ɗaya ke nan za a raba, ka juya shi zuwa naira ka gani. Sai dai FIFA rajista take bi, tun 2022 ma ta buɗe ofis a Faris da kuɗin ke bi ta cikinsa, in sunan yaro bai shiga rajistar NFF, hukumar ƙwallon ƙafa ta Najeriya, a ƙarƙashin akadaminka ba, ko kai ka saya masa takalmin farko ba abin da zai zo maka. Ku je ofishin hukumar ƙwallo ta jiha ku yi wa kowane yaro rajista tun yana ɗan 12, ku adana takardun.