Yadda ake komawa gida bayan sojoji sun ƙwato gari

Ranar da rediyo ya ce sojoji sun ƙwato gari ba ita ce ranar ɗaura kaya ba. Yaƙin ƙwato Mosul ta ƙasar Iraƙi ya faro a Oktoban 2016, ya ƙare a Yulin 2017, amma an shafe shekaru ana tono bama-bamai daga baraguzan birnin. Wanda aka kora yakan bar tarko a bayansa. Mu ma a Zamfara abin ya iso mu, tunda a ƙarshen 2024 bam da aka binne ya tashi da mota a hanyar Gusau zuwa Ɗansadau.

A fara da hakimi ko dagaci. Shi zai tambayi kwamandan sojojin yankin abu biyu: an bincike hanya da cikin gari, kuma za a bar dakaru ko wucewa za su yi? Idan wucewa ce, a dakata, domin maharan sukan dawo da zarar motocin soja sun juya.

In an sami izini, magidanta kaɗan su fara zuwa da hantsi su komo kafin la'asar. Mata da yara su jira. A bi sawun tayar motar soja, kada a sauka gefen hanya ko don fitsari, kada a yanke ta gona. Ƙasar da aka taɓa kwanan nan, waya ko zare a miƙe, jarka ko tukunya a inda ba muhallinta ba, duk abin tsayawa ne. Wanda ya gani ya tsaya cak, ya gargaɗi na bayansa, ya koma ta kan sawunsa, ya sa alama daga nesa, a kai rahoto. Ba a ɗagawa, ba a jifa, ba a cinna wuta. Gurnetin da bai tashi ba yana nan da ransa ko ya yi tsatsa, don haka a ja kunnen yara da 'yan gwangwan sosai, su ne ƙarfen ke ruɗa.

Ƙofar da ka bari a buɗe ka tarar a rufe, ko akasin haka, jami'i ne zai fara duba ta.

Sai rijiya. Kada a sha ruwanta kafin a yashe ta, wataƙila mushe ko gawa na ciki. Kafin mai yasa ya shiga, a zura fitilar ƙwai a kunne. In ta mutu, iskar ƙasan ba ta numfashi ba ce. Ruwan sha a tace da ƙyalle mai tsabta, a tafasa ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, ko a jefa ƙwayar tsabtace ruwa ta Aquatabs mai miligiram 67 a lita 20, a jira minti 30. In gudawa ta kama yaro, a dama ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a riƙa ba shi har a isa asibiti.

Hatsin rumbu da ya yi fumfuna a zubar, ko dabba kada a ba. A zungura jinka da kusurwoyin ɗaki da doguwar sanda saboda macizai. Gona kuwa, ba a sa mata fartanya ko wuta sai sojoji sun ce an duba ta.