Yadda Ake Gane Nau'in Sinadarin Wanki Kafin a Saya

Duk wanda ya taɓa wanki da ruwan rijiya mai zartsi ya san yadda sabulun sanda ke ƙin kumfa, ya bar farin dauɗa a bakin bokiti. Kalsiyam da magnisiyam da ke cikin ruwan ne suke ɗaure sabulun, shi kuwa omo, wanda akasari daga man fetur ake samo sinadarinsa, zartsi ba ya cin ƙarfinsa haka. A Jamus aka fara haɗa irinsa lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, da kitsen yin sabulu ya yi ƙaranci.

Kowace ƙwayar sinadarin tana da wutsiya mai kama maiƙo da kai mai son ruwa, kuma da cajin lantarkin wannan kai ake rarraba su gida huɗu. Saboda haka a fara juya leda ko gorar, a karanta abin da aka rubuta a baya.

Idan an ga aniyonik, mai cajin negetif ke nan, shi ne ƙashin bayan yawancin omo da sabulun ruwa. Salfonik asid da Texapon, waɗanda mata masu haɗa sabulun ruwa a Jos ke saye a shagunan sinadarai na wajen Taminus, duk 'yan wannan gida ne, sai dai salfonik ba ya zama abin wanki sai an kashe kaifinsa da kostik soda. Aniyonik za a nema don rigar da ta sha manja ko tukunyar miya.

Noniyonik ba shi da caji, kumfarsa kaɗan ce, shi ya sa ya dace da injin wanki, yana kuma cire maiƙo ko da ruwan Disamba ya daskarar da yatsu. Masu raina shi don rashin kumfa sun yi kuskure, domin ba kumfa ce ke fitar da datti ba.

Amfoterik, mai ɗauke da cajin negetif da fozitif duka, mai sauƙi ne ga fata, a shamfun jarirai aka fi samunsa.

Katiyonik, mai cajin fozitif, rago ne wajen wanki, aikinsa tausasa tufafi da kashe ƙwayoyin cuta. Kada a zuba shi cikin ruwan omo, domin cajin biyu za su kama juna, a yi asarar duka biyun. A ɗauraye kayan tas tukuna, sannan a sa shi a ruwan ƙarshe.