Shawara ga masu kula da tsofaffi a manyan birane

Assalamu alaikum 'yan uwa. Duk mai tsoho a gida wanda ke fama da hawan jini, ciwon sukari ko asma, ina ba shi shawara ya riƙa ajiye maganin da zai isa wata guda, ya kuma rubuta sunan kowane magani da adadin da ake sha a takarda.

Dalilina shi ne abin da ya faru a Kano a watan Afrilun 2020, lokacin da korona ta ɓulla aka kafa dokar kulle dab da azumi. Asibitoci masu zaman kansu da dama sun rufe ko sun rage karɓar marasa lafiya saboda tsoron kamuwa, a-daidaita-sahu ya yi wuya, kuma dattawa da yawa sun rasu a makonnin nan, cikinsu har da masu tsofaffin cututtuka da ba su samu ganin likita ba. Annoba a babban birni tana toshe hanyar asibiti ga kowa.

A nemi lambar likita ko mai kemis amintacce tun yanzu, a sayi na'urar awon jini idan da hali. Insulin kuwa, wato allurar masu ciwon sukari, yana buƙatar wuri mai sanyi, don haka a tambayi likita yadda za a adana shi idan babu wutar lantarki.