Kafin ka sayi amfilifayar jita, duba sifika tukuna

'Yan uwa masu kaɗa jita, in da makaɗin ganga za ka yi kiɗan rok, nemi amfilifaya (na'urar ƙara sauti) ta hannu mai wat 50 da sifika inci 12. Ƙyale sabuwar ƙarama mai inci 8, ko da kuɗinsu ɗaya.

Ƙaramar tana da daɗi a ɗaki. Amma da makaɗin ganga ya saki hannu, sautinka ya ɓace. Sai ka ƙure ƙara, sauti ya koma tsiwa zalla, ba kauri.

Kada yawan wat ya ruɗe ka. Daga 50 zuwa 100, ƙarin bai wuce desibel 3 a ma'aunin ƙarfin sauti ba, kunne da kyar yake lura. Irin su Boss Katana 50 sun ishe ka atisaye da ƙaramin zaure. Ɗora ta kan kujera, ka karkato ta wajen kunnenka, domin gwiwarka ba ta ji.

Wurin ciniki, tafi da jitarka da wayar jona ta. Murɗa kowane maɓalli, ka saurara ko yana fitar da hayaniya. Ɗaga sauti sosai, ka doki babbar tsirkiya. In sifika na karkarwa, ajiye.

Leƙa bayanta kuma. Wadda aka yi wa Amurka volt 120 take ci, wutarmu 230 ce. Ba taransifoma, ta ƙone.

Inda dabarar ba ta ci: filin Allah, sai an kafa mata makirufo. Mai kaɗa bes (jita mai kaurin sauti) kuma ya nemi tasa daban, wannan sifikar za ta iya yagewa.